Hoton da Ba Mu Ce a Ɗauka Ba

Duk wanda ya je kallon wasan ƙarshe na gasar ƙwallon samarinmu bayan Babbar Sallar da ta wuce, ya ga abin da za mu yi magana a kai. Alƙalin wasa bai kai ga busa usur na tashi ba, mai hoto ya riga ya ɗaura igiya tsakanin turakun rumfa, ya shanya hotuna kamar wanki. 'Yar na'urar wanke hotonsa na kan benci, haɗe da batir, tana fito da su ɗaya bayan ɗaya, yaronsa na maƙalawa. Ana tashi, 'yan wasa da guminsu da ƙurarsu suka yi caa a kan igiyar, kowa na neman kansa.

Cikin abin da bai fi minti 15 ba, abubuwa uku suka faru a gabanmu. Yaron da ya ci ƙwallon da ta ba su kofi ya sayi hotuna uku, ko ragi bai nema ba. Wani ɗan baya kuma ya hango hotonsa ya tashi sama yana sa wa ƙwallo kai, ya yi murmushi, ya zaro waya ya ɗauki hoton hoton, ya juya zai tafi. Mai hoto ya riƙe masa riga, ya ce, "Haba ɗan'uwa, ka biya ni mana." Shi kuwa ya ce, "In biya ka me, Malam? Ni na sa ka? Ba fuskata ba ce?" Sai da manya suka shiga tsakani. Na ukun kuwa ba wanda ya ɗaga murya a kansa. Mai tsaron ragar da aka doke, yaro ne da bai wuce shekara 17 ba, an kama shi a hoto yana durƙushe, fuska sharkaf da hawaye. Aka maƙala hoton a tsakiyar igiya, abokan hamayya na nunawa suna dariya. Ya je jakarsa ya ɗauko ragowar kuɗin barka da Sallarsa, ya miƙa, ya karɓi hoton, ya zaga bayan rumfa ya yayyaga shi.

Daren ranar, a teburin mai shayi, gardama ba ta mutu ba sai da ya fara kife kofuna. Wasu suka ce ɗan bayan nan sata ya yi ƙiri-ƙiri. Wasu suka ce ai mai hoto ne ya fara shiga gonar da ba tasa ba, wa ya ba shi izinin ɗaukar fuskar mutane ya kasa a kasuwa? Kowa ya tofa albarkacin bakinsa a kan riƙon riga, amma ba wanda ya tuna da mai tsaron raga, alhali a ganinmu nan ne maganar ta fi nauyi. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo ta wannan shafi mu duba a tsanake. Idan mutum ya ɗauke ka hoto ba ka sa shi ba, ya wanke ya kawo maka talla, me yake binka, me kake binsa?

Mun san akwai saɓanin malamai a kan shi hoton kansa. Wannan fagensu ne, ba za mu tsoma baki ba. Sai dai mu ce, wanda ya riƙi fatawar nisantar hoto shi ma yana zuwa fili, yana wasa, yana kallo, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa ba kowace fuska ce ke maraba da kyamara ba. Maganarmu a nan ta haƙƙi ce tsakanin mutum biyu: mai ɗauka da wanda aka ɗauka.

Mu 'ya'yan kasuwa ne, jikokin fatake, to bari mu fara da duba hajar kanta. Mai goro, in wannan ya taya bai saya ba, wani na tafe, kuma goro in ana kula da ganyensa ana juya shi, yana yin wata da watanni. Saniyar da ba ta shiga ba yau a kara, gobe ma rana ce. Ko tumatir, duk da saurin lalacewarsa, ba ya zaɓen tukunya. Amma hoton ɗan wasa haja ce da mai sayenta ɗaya ne tak a duniya, ko biyu in an haɗa da mahaifiyarsa. Kasuwarta kuma ba ta wuce rabin awa, daga busa usur zuwa watsewar jama'a. In mai fuskar ya kau da kai ya hau babur, shi ke nan, takarda da tawada sun tafi a banza. Ba a mayar wa kamfani, ba a ajiye wa gasar baɗi.

Mai hoton nan kuma ya zuba jarinsa tun kafin ya san ko za a saya. Kyamara mai dogon baki, wadda ke iya tsayar da mai gudu cak, ba ta araha. Ya tsaya a rana minti 90 yana bin layi sama da ƙasa, ya danna sau ɗaruruwa kafin ya samu 'yan ƙalilan masu kyau, don ƙwallo ba ta jiran kowa ya gyara tsayuwa. A da, zamanin fim, naɗi guda hoto 24 ne ko 36, sai an kai ɗakin wanki cikin gari, washegari ko jibi mai hoto ya bi mutane gida-gida da ambulan. Yanzu na'ura na fito da hoto kafin gumi ya bushe a goshin mai shi. Maƙwabtanmu Yarbawa suna ce wa irinsu 'yan pa-pa-pa a wuraren biki, saboda saurin aikinsu. Kayan aiki sun canja, amma kasadar tana nan yadda take: shi ke fara kashe kuɗi, sannan ya jira ya ga ko za a waiwaye shi.

Wannan hali na hajar shi ne tushen rikicin duka. Tunda mai saye ɗaya ne, yana iya danne mai hoto. Ya san in bai saya ba asara ce, sai ya yi tayin wulaƙanci, ko ya laɓe har an fara naɗe igiya sannan ya zo ya ce a ba shi a rabin kuɗi. Tunda kuma fuskarsa ce rataye a gaban jama'a, mai hoto ma na iya danne shi, ya bar ta nan har kunya ta sa ya buɗe aljihu. Ka ga kowannensu na riƙe da wuyan rigar ɗan'uwansa. A irin wannan ciniki doka ba ta cika isa wurin ba, ɗan sanda ba ya zuwa saboda hoto guda. Abin da ya rage shi ne halin mutanen biyu.

Mu ba ɗan bayan nan gaskiyarsa tukuna. Bai sa a ɗauke shi ba, don haka ba wanda zai ce dole ya saya. Ba a ciniki sai da yardar ɓangare biyu. Haka iyayenmu suka yi kasuwa, haka kuma aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta gindaya. Da ya duba hoton ya ce Allah Ya ba da kasuwa ya wuce, ba mai binsa ko sisi. Ai ba a cinikin biri a sama, ga kaya a gabansa, ya gani, bai so ba, magana ta ƙare. Mai hoton da ya wanke ba a sa shi ba ya san kasada ya yi, riba da asara kuwa tare suke kwana.

Amma ai ba wucewa ya yi ba. Ɗauka ya yi ya tafi da shi a waya, a daren kuma muka gan shi ya ɗora a WhatsApp, abokai na ta jinjina masa. To a nan ne hujjar "fuskata ce" ta karye. Fuskarsa tana tare da shi dare da rana. In ita yake so, ga waya a hannunsa, ya ɗauka sau dubu ba mai ce masa uffan. Abin da ya burge shi a igiyar nan shi ne daƙiƙar da ya tashi sama, ƙafa ba ta taɓa ƙasa, ƙwallo a goshi. Wannan daƙiƙa ba zai iya kama ta da kansa ba, don yana cikinta. Abokansa da ke bakin fili riƙe da wayoyi sun fi ashirin, ba wanda ya same ta. Mutum ɗaya ne ya karanci wasan, ya san bugun kwanar nan a nan zai sauka, ya saita, ya danna a kan kari. Tsallen na yaron ne, ba musu. Kamun na mai hoto ne. Wanda ya tafi da kamun bai biya ba, ya ci gumin mutum, ko da kuwa fuskarsa ce a ciki.

Wani a teburin shayi ya ce, "To ai takardar na nan a igiya, me aka rage masa?" An rage masa mai sayenta ɗaya tilo. Daga lokacin da yaron ya samu abin da yake so a waya, takardar ta zama shara. Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya: dokar haƙƙin mallakar fasaha ta Nijeriya ta 2022 ta ɗauki wanda ya ɗauki hoto a matsayin mai aikin, shi ke da ikon a kwafa ko kada a kwafa. Amma wallahi ba sai mun je ga doka ba. Duk cikinmu ba wanda zai ji daɗi a ce ya yini yana aiki, wani ya zo ya kwashe amfanin ya bar masa ɓawon.

Yanzu mu koma ga mai tsaron raga. In a baki ne, cinikinsa ya fi na kowa tsabta: an faɗi kuɗi, ya biya, ya karɓi kaya, ba gardama. Amma duk wanda ya ga yadda ya yayyaga hoton ya san ba saye ya yi ba. Fansa ya biya don a sauke kunyarsa daga igiya. Ga ma'aunin da muke ganin ya raba tsakani: in mutum ya biya don ya ajiye, ciniki aka yi. In ya biya don kada wasu su gani, garkuwa aka yi da mutuncinsa. Yardar da kunya ta matso daga bakin mutum, sunanta kawai yarda. Kuɗin ɗan bayan da ya hana da kuɗin mai tsaron ragar da aka karɓa, duka biyun ba su hau turbar yardar juna ba. Na farko an yi ta hayaniya a kansa saboda an gan shi, na biyu ya wuce shiru saboda ya yi kama da kasuwa.

Mai hoto zai ce, fili na kowa ne, a gaban jama'a ya yi kukansa, ni na sa shi? Gaskiya ne a gaban jama'a ya yi. Amma ganin ido daban, kamun kyamara daban. Ido ya gani ya kau, gobe ya manta. Aboki ya dafa kafaɗarsa, ya share fuska, magana ta wuce. Hoto kuwa tsayar da mutum yake yi a lokacin da ya fi rauni, ya hana lokacin wucewa. Yaron da ya yi kukan minti ɗaya, in hoton ya faɗa hannun 'yan tsokana, har ranar ɗaurin aurensa sai an fito da shi. Da ya shiga fili ya yarda a kalle shi, a yi masa ihu, a zura masa ƙwallo. Bai yarda a kasa hawayensa a yi talla ba. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 34, ya ba kowane mutum haƙƙin a kiyaye martabarsa, mu kuma tun kafin wannan muke cewa mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Ba muna cewa mai hoton mugu ba ne. Wataƙila ma a idonsa na ma'aikaci, wannan ne hoton da ya fi kowane kyau a ranar, don ya faɗi labarin wasan gaba ɗaya, shi ya sa ya rataye shi a tsakiya. Amma kyan hoto ba ya zama izini. Tela na iya ɗinka riga mai kyau da yadin da aka ba shi ajiya, kyan ɗinkin ba zai mayar da yadin nasa ba. Fuskar da ta shiga kyamararka ajiya ce. Aikin da ka yi a kanta naka ne, ka karɓi ladansa. Ita kanta kuwa ba ka saye ta ba.

To a nan mai tunani zai tare mu ya ce, ashe sai dai a riƙa ɗaukar masu dariya da masu ɗaga kofi ke nan? Ashe faɗuwa ba ta cikin wasa? Tambaya ce mai kyau, kuma ba ma so mu tsallake ta. Ɗauki dambe, wanda da yawanmu ke zuwa kallo in mun sauka Legas ko mun je gida. Abin da ake nema a turmi shi ne kisa, wato ka kai abokin karawarka ƙasa. Hoton kisa mutum biyu ne a ciki. Na tsaye na so ya kai gida ya rataye, na kwance ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wa za a bi? A nan muna ganin na tsaye na da haƙƙin ya saya. Duk wanda ya naɗe hannu ya shiga fili ya san ko ya kashe ko a kashe shi, kuma ko ba hoto, makaɗa za su kai labarin inda bai zata ba. Faɗuwar nan ita ce wasan. Haka hoton ƙwallo na shiga raga, mai tsaro ya yi tsalle bai kai ba: wasan ke nan, a wanke a sayar, ba wanda aka zalunta.

Iyakar tana inda wasa ya ƙare, mutum ya rage shi kaɗai da rauninsa: hawaye bayan tashi, wandon da ya yage, wanda ya suma ana yayyafa masa ruwa, ƙafar da ta karye. Mun yarda ba kullum iyakar ke fita sarai ba. Amma mai hoton da ke shakka yana da hanya mai sauƙi. Ya ja mai fuskar gefe, ya nuna masa a bayan kyamara, ya ce in wanke ko in goge? Ba ta cin minti ɗaya, kuma in an ce a goge, ko takarda bai ɓata ba. Haka nan in hoton zai fita daga hannun mai shi ya tafi wani wuri, a manna shi a tallar kaya ko a zuba a intanet don tara mabiya, to ya zama wani cinikin daban, sai an sake tambaya. In ba haka ba an koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin ya fi tsanani a wasannin makarantun yaranmu. Uba ya zo kallon gudun 'yarsa, ya tarar an wanke hotuna huɗu, yarinya ta riƙe rigarsa tana Baba ka saya, shi kuwa kuɗin cefane ne a aljihunsa. Wannan ma da sauƙi, don yana iya ɗaukar ɗaya ya ba da haƙuri. Wanda ba shi da sauƙi shi ne hoton 'yar mutane tana gudu, rataye a igiya, duk saurayin da ke da kuɗi ya miƙa ya cire ya sa a aljihu. Mai hoto ya samu kuɗinsa, a lissafinsa ba matsala. Amma ya sayar da abin da aka ba shi ajiya ga wanda ba shi da alaƙa da ajiyar. Muna ganin a nan babu wani dogon nazari: hoton mutum ba a miƙa shi sai ga mai fuskar, in yaro ne ko yarinya sai ga iyayensa.

Akwai kuma ragowar da ba a saya ba, wadda ba mu cika tambayar inda take kwana ba. Mun sha ganinsu washegari a bakin fili, iska na kaɗawa, wasu a kwata, wasu awaki sun taka. Fuskokin 'ya'yan mutane ne fa. Wani mai hoton da gangan yake watsarwa don haushi, wai tunda ba ku saya ba ku gani. Wasu cikinmu na tsoron hotonsu ya faɗa hannun mai mugun nufi a kai shi inda bai dace ba, kuma ko mutum ya yarda da wannan tsoro ko bai yarda ba, rashin jin daɗin gaskiya ne. Asarar takarda ta mai hoto ce, ya ɗauke ta tun da ya zaɓi sana'ar. Ba ta ba shi damar huce haushi a kan fuskar da ba ta sa shi ba. Ya tattara abinsa ya lalata a ɓoye, ko ya bar wa shugabannin gasa a kan kuɗin takarda.

Me ya sa muka damu da wannan 'yar magana har muka ba ta shafi? Saboda mu mutanen Sabo mun fi kowa sanin darajar cinikin da ba takarda. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, da me kakanninmu suka riƙe kasuwar shanu da goro a garin da ba nasu ba? Da amana. Bafatake ya kawo shanu daga Arewa ya sauka gidan maigidansa, dillali ya sayar wa mahauta bashi, ba sa hannu ba hatimi, maigida ya tsaya a kai, kuɗi kuma su fito. Wani mai bincike daga wata jami'ar Ingila, Abner Cohen, ya zauna a nan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda wannan tsari ke tafiya. Abin da ya ba masana sha'awa, mu a wurinmu abincin yau da gobe ne. To mai hoton da ya wanke kafin a biya shi, bashi ya ba mu irin na fatake. Mu kuma da muka shiga fili ba mu rufe fuska ba, ajiya muka ba shi. In jikokin masu wancan amana suka kasa riƙe ta a kan hoto guda, albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Sannan akwai abin da za mu rasa in sana'ar ta mutu. A garin nan, ranar 10 ga Agusta 1963, Dick Tiger ya doke Gene Fullmer a filin Liberty ya riƙe kambunsa na duniya. A 1976 ƙungiyar IICC Shooting Stars ta zama ta farko a Nijeriya da ta ɗauko kofin nahiyar Afirka. Waɗannan manya ne, jaridu sun aika masu ɗaukar hoto, tarihi ya ajiye su. Mu fa? Ga filin Adamasingba a maƙwabtanmu, amma wace jarida ce za ta aiko wakili saboda gasar samarin Sabo? An ce baƙo raɓa ne, mu kuwa mun haura shekara 100 a nan, raɓar ba ta bushe ba. 'Ya'yanmu a nan aka haife su, a nan ake ce musu baƙi, in sun je Kano ko Katsina ko Sakkwato a ce musu 'yan Kurmi. Hoton nan na igiya shi ake aika wa kaka a gida ta ga jikanta ya zama mutum. Shi ne shaidar cewa mun zauna a nan, mun yi wasa, mun yi murna. In kowa ya zaro waya ya kwafa ya wuce, baɗi mai hoto ba zai zo ba, sai mu koma ga hotunan waya masu hazo, waɗanda ke ɓata ranar da wayar ta faɗa ruwa.

Don haka muna kira ga masu shirya gasa, tun da su ne iyayen fili. Kafin a take wasa a san wane mai hoto aka yarda ya shiga, a faɗa a lasifika, a faɗi kuɗin hoto kowa ya ji, wanda ba ya so a ɗauke shi ya sanar. Wanda ya fi son a tura masa a waya maimakon takarda, a yanka masa kuɗinsa daban, don yawancin samari abin da suke so ke nan, kuma in an ba su hanyar halal da yawa za su bi ta. Mu kuma 'yan wasa da iyaye, in ba mu so, mu ce Allah Ya ba da kasuwa, waya ta zauna a aljihu. In muna so, mu biya da sakin fuska, ba sai mun jira an fara naɗe igiya ba.

Wani dattijo cikinmu, tsohon dillalin goro da ya taɓa ƙwallo a ƙuruciyarsa, bai ce komai ba daren gardamar. Washegari bayan La'asar sai ga shi da wani tsohon hoto marar kala, gefensa duk ya cinye. Ƙungiyarsu ce, ranar da aka ci su uku da nema. Ba mai dariya a ciki ko ɗaya. Ya ce ranar ba wanda ya so saye, shi ma don jin nauyin mai hoton ya saya, wani Bayarabe da ya biyo shi har ƙofar gida a kan keke. Ya riƙa bin fuskokin da yatsa: wannan ya koma gida tuntuni, wannan Allah Ya yi masa rasuwa, wannan ma haka. "Mu goma sha ɗaya ne, saura mu uku. Wannan na gefe kuwa, ba shi da wani hoto a duniya sai wannan. 'Ya'yansa wurina suke zuwa in suna son ganin ubansu."

Muka ce, "To Baba, ashe ke nan yaron nan ya yi kuskure da ya yaga nasa?" Ya yi shiru kaɗan, ya mayar da hoton cikin ambulan. Ya ce, "Da ya tambaye ni, da na ce ya ajiye, wata rana zai so ganinsa. Amma ai shi ke da ta cewa. Da an kai masa a hannu, a gefe, ba a rataye shi ana dariya ba, ina jin da bai yaga ba."

Gasar baɗi na tafe, in Allah Ya kai mu. Mai hoto zai zo da igiyarsa, yaranmu za su zo da wayoyinsu. Allah Ya ba mu ikon biyan gumin mutane, Ya ba su ikon riƙe ajiyarmu, Ya kuma bar mu da zumuncinmu a wannan gari. Amin.